'Ya'ya Huɗun da Ke Shafin Ƙarshe

Da Baba Mai Ɗinki ya san abin da ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa za ta jawo wa gidansa, da tun a bakin ƙofar maɗaba'a ya tare mai ita ya ce an tashi. Layi biyu kacal za su ɓaci a littafi mai shafi ɗari da ashirin, amma saura ƙiris su raba 'yarsa da wanda take so.

Ranar Talata ce da hantsi. Yana zaune a teburinsa, inda ya shekara ashirin da shida yana ɗinke littattafai da zare da gam, sai wani dogon saurayi ya yi sallama, alli ya yi fari a hannun rigarsa. Ya ce shi malamin sakandare ne, ya rubuta ɗan littafi kan koya wa yara karatu, yana neman mai tsara shafuka.

Mai tsara shafuka kuwa Auta ce, 'yar Baba ta ƙarshe, tana gaban kwamfuta taku biyar daga teburinsa. Ta buɗe ambulan, ta karanta shafin farko, ta ɗago.

"Malam, wannan jimlar layi tara ce babu aya. Mai karatu ba zai yi numfashi ba?"

"Haka nake magana a aji."

"To Allah Ya ba ɗalibanka haƙuri."

Saurayin ya yi dariya, ya tsaya yana kallonta har ya manta kujerar da aka nuna masa. Baba ya ga kallon. Allura ta soke shi a yatsa, abin da ya yi shekaru bai faru ba.

Gyaran da ya kamata a gama a mako biyu ya kai wata uku. Kullum aka tashi makaranta sai Malam ya zo, wai ya tuna wata kalma. Ita ta sa masa Dogon Zance, shi kuma yana ce mata Waƙafi, don ita ta cika masa littafi da waƙafi. A gida Baba yakan ji tana karanta wa Inna saƙonninsa a kicin, suna ƙyalƙyala dariya.

"Waƙafina, yau na tsaya a tsakiyar darasi ba dalili, yara suka ce lafiya? Ban iya ce musu ke ce kika faɗo mini ba. Ki kula mini da kanki."

Baba bai yi dariya ba. Shi dai yana da wanda ya kwanta masa a rai: Dakta, ɗan amininsa, malami a jami'a, wanda aka san uwarsa aka san ubansa. Baba a aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Tun da ya fara ɗinki, duk littafin da ya wuce ta hannunsa sai ya ajiye kwafi ɗaya da ya lalace a kantar ɗakinsa. Ba ya iya karanta cikin, amma shafin ƙarshe, wanda ake rubuta "Game da Marubuci", yakan bi shi da yatsa a hankali: inda aka haifi mutum, makarantun da ya yi, muƙaman da ya riƙe. A ganinsa baki yana iya ƙarya, amma abin da aka buga an buga.

Ranar da Malam ya zo gaishe shi a gida, Baba ya tambaye shi asalinsa.

"Mahaifiyata ce ta rene ni, Baba. Ta rasu."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

Bayan ya tafi Baba ya ce wa Inna, "Yaron nan ba shi da shafin baya. Ta ina zan karanta shi?"

"Ka karanta fuskar 'yarka," in ji Inna.

Da ƙyar ya ce zai duba maganar aurensu. Aka buga littafin kwafi ɗari biyar, Baba ya ɗinke su cikin kwana huɗu. Da gangan bai leƙa shafin ƙarshe ba, don Auta ta ce marubucin da kansa zai kawo masa nasa da sa hannu.

Dakta ne ya riga shi. Ranar Asabar bayan azahar ya shigo falo da littafin a hannu, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, ba gulma na kawo ba. Amma ka ga wannan?"

Baba ya sa tabarau, ya ɗora yatsa. Layin farko daidai ne: malamin sakandare, shekara shida yana koyarwa. Sai na ƙasa:

"Ya yi digirinsa na uku a ƙasar waje. Yana da aure da 'ya'ya huɗu."

Ya sake bin layin. Ya sake. Falon ya yi masa duhu da rana tsaka.

"Digirin dai mu mun san babu shi," in ji Dakta a hankali. "Iyalin kuma, Allah masani. Kuma na ji yana neman koyarwa a jami'armu."

Baba ya ƙwala wa Auta kira. Tana ganin shafin ta dafa bango.

"Baba, wallahi kuskurena ne. Ni ce na..."

"Yi mini shiru! Har kin kai inda za ki ɗauki ƙaryarsa ki ɗora a kanki?"

Ya sa aka kira Malam. Ya zo a guje, gumi ya jiƙa masa baya. Ya karanta, ya dubi Auta, ya dubi ƙasa.

"Ba ni da mata, Baba, ba ni da ɗa. Digirin ma ba ni da shi."

"To wa ya rubuta?"

"Laifina ne. Ni na sa hannu aka buga."

"Ka dai faɗa da bakinka. Da ka ce mini kana da iyali, da mun zauna mun yi magana. Ƙaryar ce ba zan iya ba. Wanda ya yi wa mutum ɗari biyar ƙarya a takarda, me zai hana ya yi wa 'yata a ɗaki? Kar na sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Kwana tara gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Auta tana zuwa aiki, tana zama taku biyar daga mahaifinta, idanunta sun kumbura. Abinci sai Inna ta tsaya a kanta. Dakta ya zo sau uku da motarsa, sau uku tana kulle ƙofa. Baba kuwa zare ya riƙa tsinke masa a hannu. Yana tsoron ya ba da ita ga maƙaryaci, yana tsoron ya kashe ta da ranta. Ya rasa wanne ya fi.

A rana ta goma da safe, ta fito da jakar aiki, ta durƙusa a gabansa, ta ajiye wayarta a kan gwiwarsa.

"Baba, ko ba za ka saurare ni ba, ka karanta. Ai kai rubutu kake yarda da shi."

Ya bi da yatsa. Saƙonta ne a sama.

"Dogon Zance, zan je in faɗa wa mai kamfani ni ce. Ba zan iya ba kuma. Baba yana kallona kamar bai san ni ba."

Sai amsarsa.

"Waƙafina, don Allah kar ki je. Kin ga yadda ya kori wanda ya riga ki a kan kuskuren kwanan wata. In ya kore ki zai haɗa da Baba, tunda shi ya kawo ki, kuma wa zai ɗauki mai ɗinki a shekarunsa? Ban yi ƙarya ba da na ce laifina ne. Duk shafuka na duba sai wannan, don ba na iya karanta abin da aka rubuta a kaina. Ki ci abinci. Ko an hana ni ke, ba za a hana ni yi miki addu'a ba."

Baba ya miƙa mata wayar.

"Wannan ma ana iya shirya shi," ya ce, amma muryarsa ba ƙarfi.

Ta tashi ta fita tana share hawaye da gefen mayafi. Shi kuma ya kasa tashi. Tun ranar Asabar wani abu yake masa ƙaiƙayi a kai, yau ya gane shi: ya taɓa bin layukan nan da yatsansa. A wani wuri. Har yadda "huɗu" ta zauna a ƙarshen layi.

Ya shiga ɗaki, ya fara sauke kanta. Littafi bayan littafi, yana juya su ta baya, ƙura tana sa shi tari. Inna ta leƙo.

"Baban Auta, lafiya? Ba za ka aiki ba?"

"Riƙe mini waɗannan."

A na sittin da wani abu ya same shi. Littafin wani tsohon farfesa ne, wanda suka buga bara. "Ya yi digirinsa na uku a ƙasar waje. Yana da aure da 'ya'ya huɗu." Harafi da harafi. Auta ta ɗauko tsohon shafin don ta zuba sabon bayani a cikinsa, ta goge na sama, ta manta na ƙasa. Abin da ta so faɗa ke nan ya ce ta yi shiru.

Baba ya zauna a ƙasa cikin littattafai.

"Innar yara, 'ya'yan farfesa ne. Na kori yaron mutane a kan 'ya'yan farfesa."

Bai wuce maɗaba'a ba. Makarantar ya nufa, ya tsaya a bakin aji har aka kaɗa ƙararrawa. Malam ya fito, ya rame, yana ganinsa ya durƙusa a kan baranda.

"Tashi, ɗana. Ni ya kamata in durƙusa. Amma tambaya ɗaya, kuma yau ba na son 'shi ke nan'. Me ya sa ba ka iya karanta shafinka?"

Malam ya nuna ajin da hannu.

"Mahaifiyata shara take yi a makaranta irin wannan, Baba. Ba ta iya sa ni a aji ba sai da na kai shekara goma. Kullum in an tashi, takan bar allo sai ƙarshe, ta share ko'ina tukuna, don in samu in kwafe abin da ke kai a ƙasa da tsinke. A nan na koyi karatu. Na ga kamar ba irin abin da ake rubutawa a bayan littafi ba ne."

Baba ya cire tabarau ya goge.

"Shekara ashirin da shida ina karanta bayan littafi, ban taɓa samun wanda ya kai wannan ba. Shi za ka rubuta. Yau."

Daga nan ya shiga ofishin mai kamfani da littattafan biyu, ya buɗe su a kan tebur. Mai kamfani ya tashi tsaye yana faɗa, ya ce yarinyar ta kwashe kayanta.

"Ranka ya daɗe, ba sai an sake bugawa ba. Shafi ɗaya ne. Zan yanke shi da reza in liƙa sabo, ko kai ba za ka gane ba. In ka gane, ka kore mu mu biyu."

"Ɗari biyar? Da idanun nan naka?"

"Da su."

Kwana shida aka yi. Baba yana yanka, Auta tana shafa gam, Malam in ya taso yana danne shafuka da katako.

"Dogon Zance, sabon shafin naka ma jimla ɗaya ce, layi bakwai."

"Sa mini waƙafi."

"Na sa uku."

"Ku yi aiki," in ji Baba, bai ɗago ba, amma Auta ta ga gefen bakinsa.

Mai kamfani ya juya kwafi goma a hannunsa, ya ɗaga su ga haske, ya ajiye ya ce a koma bakin aiki. Dakta bai sake zuwa ba. Ya aiko da gaisuwa ta bakin mahaifinsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya kasa saki, sai da Inna ta taɓa shi.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe mini ita da gaskiya, ɗana, irin wadda ka rubuta."

"In sha Allahu, Baba."

"'Ya'ya huɗun kuma," in ji Inna, "tunda an riga an buga, sai ku cika."

Har Baba sai da ya yi dariya, hawaye na zuba masa.

Sai dai shafi ɗari huɗu da tamanin da tara ya yanke. Kwafi goma sha ɗaya sun riga sun fita kafin a tare, kuma ɗaya daga ciki Malam ya haɗa da takardunsa na neman aiki a jami'a. Ya aika musu da wasiƙar bayani da sabon kwafi. Har yau ba su amsa ba, ba a san wanne suka karanta ba, kuma babu wanda ya san inda sauran goman suke.