Gidan Zanzaro a Akwatin Faifai

Galan biyu na esansi, wato fetur, jarkar ruwa, ankwa, jakar wayoyi da turnabis na kwance ƙusa, ordinater, wato kwamfuta, mai tsagaggen gilashi, da Rabilu. Abin da Insfekta Lamine ya ɗauko daga Tasawa ke nan. Sun baro kwalta tuni, motar na nishi cikin yashi, shi kuwa tun safe kansa ke sara.

Da hantsi Madam Zalika, darektar wani ƙaramin gidan rediyo a yankin Gidan Amumune, ta bugo waya. Ta ce duk muryoyin da suka naɗa tun buɗe gidan sun ɓace, da hirar tsofaffi da waƙoƙin gayya da komai. Ta ce Rabilu, wanda ya haɗa musu na'urar ajiya, shi ya kwashe. In hakan ta tabbata, kaso ne makwancinsa.

"Yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka," in ji Lamine.

Rabilu ya share gumi. "Faifai biyu ne, Shef. Duk abin da aka zuba a guda, sai ya shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan."

"To, ya aka yi aka rasa duka?"

"Shi ne ban gane ba. Manhajar ajiyar, masu ita sun ce a ba ta na'urarta ita kaɗai. Mu tsohuwar ordinater guda gare mu, ita ma kyauta aka ba mu. Sai na ƙirƙiri ordinater ta ƙarya cikin ta gaske, na sa manhajar a ciki. Faifan kuma na sa su a akwatunan kasuwa, na jona da waya."

"Masu ita sun yarda da haka?"

"Sun ce wanda ya yi haka, kar ya neme su."

"Kai kuma ka yi."

"Kowane wata ina zuwa in duba, Shef. Wallahi."

Lamine ya daɗe da sanin wallahin da ke zuwa ba a tambaye ta ba.

Da suka isa gidan rediyon, suka tarar ɗakin na'urar bai fi kicin ba, zafinsa kuwa ya fi na kicin. Madam Zalika ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Bayanta akwai wani dattijo mai farin gemu, Malam Ɗahiru, tsohon mai karanta labarai, yana tauna goro.

Rabilu ya jona ordinatarsa, ya daɗe yana dannawa. Allon na nuna masa kore, alamar lafiya. Ya kashe, ya kunna, ya sauya waya, ya sake kunnawa. Kore dai. Amma ko murya ɗaya ba ta buɗe ba. Ya kara kunne jikin akwatin farko, ya ji ƙas-ƙas.

"Wannan ya mutu. Zafi ne."

"Na biyun fa?"

"Fitilarsa na ci, Shef."

Lamine ya ɗaga akwati na biyu. Ya auna shi a tafinsa, ya ɗaga na farkon da ɗaya hannun. Na biyun ba nauyi.

"Buɗe."

Ƙusa biyu kawai suka rage a murfin, su ma kawunansu a ragargaje. Da murfin ya tashi, babu faifai. A gurbinsa sai gidan zanzaro, busasshen laka, duk ramukansa a buɗe. 'Ya'yan sun ƙyanƙyashe sun yi gaba tuni.

"Kun gani!" in ji Madam. "Jiya-jiyan nan ya sace!"

"Madam, zanzaro ba ya gini ya yaye 'ya'ya a kwana ɗaya." Lamine ya juya ga Rabilu. "Kowane wata, ko?"

Rabilu ya sunkuyar da kai. "Rabona da nan tun kafin azumi. Daga Tasawa nake leƙawa ta waya. In na ga kore, sai in kwanta."

"Koren bai san an cire faifai ba?"

"Manhajar ba ta ganin faifan gaske. Abin da tsohuwar ordinatar ta nuna mata kawai take gani. Ni na haɗa su haka." Ya haɗiye yawu. "Watanni ana tafiya kan faifai guda, ban sani ba."

Lamine ya duba ƙusoshin a hasken taga. Mai jakar turnabis ba ya yi wa ƙusa irin wannan wulaƙanci. Da bakin wuƙa aka kwance su.

Ya fito inuwar darbejiya ya zauna kan benci, ya kira dattijon.

"Baba, kana shiga ɗakin can?"

"Ni? Mi ya kai ni? Ni da ko waya sai jikata ta danna mini."

"Ran da Rabilu ya haɗa na'urar, kana nan?"

"Ban tuna ba, ɗana."

"Yana nan," in ji Madam daga ƙofa. "Shi ya yi ta tambaya ma. Wai in an cire guda, ɗayan zai ci gaba da aiki?"

Malam Ɗahiru ya daina tauna.

"Baba, sam mini goro. Kaina ke ciwo."

Dattijon ya ciro goro, ya ciro 'yar wuƙa don ya tsaga masa. Sai da ya buɗe ta ya tuna. Bakinta a karye yake, gefen ya lanƙwashe. Lamine ya miƙa hannu, ba don goron ba.

Can wani amalanke ya wuce.

"Fatiha," in ji Malam Ɗahiru. "Matata. Ita ke shirin mata na ran Laraba tun da aka buɗe gidan nan. Ta rasu ana gab da azumi. Na roƙi yaron nan ya kwafo mini muryarta, ya ce sai ya zo. Na jira. Bai zo ba." Ya kalli Rabilu, ba da fushi ba. "Kai ka ce iri ɗaya ne cikinsu. Na ce in na ɗauki guda, ban rage ma kowa komi ba."

"Ina faifan?"

"Na kai ma mai tura waƙoƙi a kasuwa. Ordinatarshi ta ce ba ta gane wanga faifai ba, a gyara shi? Ya ce mini gyara ne. Na ce ya gyara. Da ya buɗe, wayam."

Rabilu ya dafe kai. "Ya goge shi."

"Kunya ta hana ni maidowa."

"An zuba wani abu a kai bayan nan?" Rabilu ya tambaya da sauri. "Waƙa, fim, ko hoto guda?"

"Ya so ya cika mini da wa'azi. Na ce a'a. Inda muryarta ta zauna ba a sa ta wani."

Rabilu ya ɗago. "Shef, in ba a rubuta komai a kai ba, muryoyin na nan ƙarƙashi. Ana iya tono su. Ban yi alkawari ba."

"Gara da ba ka yi ba."

A gidan dattijon suka sami faifan, naɗe cikin kallabin marigayiyar, a ƙasan kwalla. Lamine ya karɓa da kallabin duka. Ankwar ya bar ta inda take, a bayan mota. Ya buɗe wa Malam Ɗahiru ƙofar gaba, dattijon ya shiga ya zauna, hannuwansa kan gwiwa.

"Sata ce, Baba. Dole in rubuta."

"Na sani, ɗana. In an tono, a bar ni in ji ko gaisuwarta ta farkon shiri."

Madam Zalika ta biyo su da sauri, mayafinta na jan ƙasa. "Insfekta, a ba mu faifan mu jona yanzu mu gani mana. Gobe muna da shiri!"

Lamine ya dube ta, ya dubi Rabilu da ke hawa baya da jakarsa. Ya sa ƙunshin cikin aljihun gaban motar, ya zauna, ya ja ƙofa ta rufu.

"An gama gwaji a kan faifan nan," ya ce ta taga. "Tasawa zai tafi. Ba mai kunna shi sai Rabilu ya kwafe shi a wani, kuma ina tsaye a kansa."