Idon da Malam Ya Sa wa Injiniya

"Don Allah, masoyi, yau ɗaya dai ka saki fuska," in ji matar Malam a ƙofar falon mahaifiyarta.

"A sake take. Haka Allah ya yi ta."

Malam ya san wanda ke ciki: Injiniya, ɗan kawunta, wanda ya nemi aurenta shekara shida da suka wuce bai samu ba. Mutum ne mai zumunci ƙwarai, musamman ranar da ya ji za ta zo.

Malam ya zauna, ya kafe shi da ido kamar mai tsaron ɗakin jarrabawa.

Da ta miƙa wa Injiniya ruwa, sai ya dafe ƙirji. To, an fara wasan kwaikwayo, in ji Malam a ransa. Can sai gumi, alhali fanka na bisa kansa. Rashin gaskiya ke nan. Sai kuma ya shiga murza hannun hagu, yana shafa muƙamuƙi, numfashi guntu-guntu, leɓe ya yi fari.

Nan fassarar Malam ta ƙare. Soyayya ba ta sauka hannun hagu. Wannan kam an koya musu a horon taimakon gaggawa na makaranta, wanda ya halarta don dole.

Ya miƙe tsam ya nufe shi.

"Na shiga uku! A gaban Mama?" Ta riƙo rigarsa.

"Sake ni! Kira motar asibiti, ki ce ciwon zuciya ne. Yanzu!"

"Iska ce ta cika min ciki..." in ji Injiniya. "Bari in ɗan kwanta a ɗaki..."

"Ba inda za ka. Jingina nan." Ya ɓalle masa maɓallin wuya. "Kamar an ɗora maka dutse?"

Injiniya ya gyaɗa kai.

"Likita ya taɓa hana ka asfirin?"

"A'a..."

"Mama, ba ni ɗaya cikin naki. Ungo, tauna shi za ka yi."

Har motar ta iso yana riƙe da hannun mutumin da ya daɗe yana addu'ar a mayar da shi aiki can nesa.

A asibiti likita ta ce jijiyar zuciya ce ta toshe, an kuma buɗe ta. Da an bar shi ya kwanta, da yanzu wani zancen ake.

Matar Malam sai kuka take a kan benci. Malam ya daure, ya daure, ya kasa.

"Hawayen nan duk nasa ne?"

Ta ɗago. "Yaushe ka lura da shi?"

"Tun da muka zauna."

"Ka ga gumi, ka ga hannu, har leɓe ka gani..."

"Na gani."

"Ni fa? Awa guda ina gefenka, ko waiwaye ɗaya! Da tawa zuciyar ce ta tsaya, sai dai Injiniya ya gaya maka!"

Malam ya matso kusa da ita. Ya tallafo fuskarta da hannu biyu.

"To, ga shi ina kallo, rabin raina."

"Ci gaba," in ji ta, tana share hanci da hannun rigarsa. "Sai na ce ya isa."