Wutar Mai Sunan Inna

Ranar Laraba matar Sallau ta rasu, a can saman wani dogon asibiti a Sabuwar Kano, na'urar riƙe-wuta tana gurnani a gefen gadonta kamar tsohon firji.

Sallau ya san na'urar ciki da bai, don shi yake gyaranta tun da aka kawo ta daga Japan. Mutanen can suna da tsohon zance cewa idan rai zai fita, wata shuɗiyar wuta mai jela takan bar jiki, ta yi ta yawo a kan rufin gidaje. Hitodama suke ce mata. Kakanninsu gudu suke yi idan sun gan ta. Jikokin kuwa suka auna ta, suka ƙera mata tulun gilashi. Malamai sun ce ba rai ba ce, ɗumin jiki ne yake tafiya. Kamfanin da ke ƙera na'urar bai yi musu ba. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya neman hujja.

Aikin na'urar bai taka kara ya karya ba. Takan kama wutar a tulun, ta saurara. Idan wani na jiki, wanda aka riga aka ɗauki muryarsa, ya kira mamacin da sunansa na yanka, sai ta ƙara wa wutar ƙarfi, ta tsaya gwargwadon shan shayi, a yi mata bankwana. In ba a kira ba, ta mutu.

Sallau ya sha tsayawa da sukudireba a hannu yana jiran manyan mutane su gama kuka. Yau shi ne a gaban tulun. Wutar ba ta fi ƙwan zabo ba, sai karkarwa take yi.

"Malam, kira ta," in ji Misao, injiniyar da kamfani ya turo, wadda ta koyi Hausa a teburin mai shayi. "Yi sauri, don Allah."

"Mai sunan Inna," ya ce.

Na'urar ko gezau.

"Ba wannan ba! Sunanta na gaskiya!"

"Ke 'yar nan, sunan mahaifiyata gare ta. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗarsa ba. Ko da muna faɗa."

"To yau ka faɗa mana! Injin nan bai san kunya ba."

"Ni za ki gaya wa? Ni nake shafa masa mai."

Ya sunkuya. Wutar ta matso jikin gilashin ta wajensa, yadda marigayiyar takan karkato kai idan ya fara dogon sharhi a kan littafin da ba ta tambaye shi ba. Ya buɗe baki. Sai ya ji kamar Inna na zaune bayansa a tabarma, tana jira ta ji abin da zai fito. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi.

Wutar ta koma kamar ƙwayar gero. Daga nan tulu ya zama tulu kawai.

An kai marigayiyar makwanci kafin la'asar. Daga baya kamfani ya gyara na'urar, yanzu tana karɓar laƙabi da alkunya, har aka ba Misao lambar yabo. Sallau ne ya bi ɗaki-ɗaki yana ɗaura sabon sashen, kuma ya ɗaura shi da kyau.

Da yamma idan jirgin-waya mai tafiya rataye a sama ya sauke shi gida, yakan rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai ya gwada kiran sunan. Iska ce kawai take fita ta tsakanin haƙora.

Sunanta Saratu.