Kukan Birkin Motar Baba

Baban Auta a wani gari mai nisa yake aiki. Ranar Juma'a da yamma yake dawowa gida, ya koma Litinin da safe.

Auta ba ta buƙatar agogo ranar Juma'a. Kan taga take zama ta kasa kunne. Idan motar Baba ta shigo layinsu tana tafiya a hankali, sai birkinta ya yi kuka, ƙiiiii. Kafin ya kashe mota, Auta ta isa bakin ƙofa, sau da yawa da takalmi ƙafa ɗaya.

Wata Litinin Baba ya sauke ta a ƙofar makaranta. Ya taka birki, motar ta rera kukanta. Yara suka fashe da dariya.

"Auta, motarku yunwa take ji?" in ji wata.

"A'a, akuya ce a cikin tayar!" in ji wani.

Auta ta ji kunya kamar ta nutse. Duk makon nan abin yana cinta a rai.

Ranar Lahadi ta ga Mama tana ɗiga man keken ɗinki a jikin ƙofar ɗaki. Ƙofar da ke ƙara ta yi shiru nan take. Auta ta ce a ranta, ashe maganin a gida yake.

Ta jira Mama ta shiga kicin. Ta ɗauki kwalbar man ta tsuguna gaban mota. Ta leƙa cikin tayar gaba, ta hango wani faifan ƙarfe mai sheƙi. Ta matsa masa mai sosai. Ta zagaya ta yi wa ɗaya tayar haka. Ba ta tambayi kowa ba, don so take ta ba Baba mamaki.

Mamaki kuwa an sha shi. Da safe Baba ya tada mota, ta gangara a hankali zuwa get. Ya taka birki. Shiru, babu kuka. Amma motar ba ta tsaya ba. Sai ji aka yi gwaram! Ta daki ginshiƙin get. Fitila ta fashe, ruwa ya fara zuba daga ƙasan injin.

Mama ta fito da gudu tana salati. Baba ya fito lafiya.

Aka kira bakanike. Ya cire tayar, ya shafa faifan da yatsa, ya shinshina.

"Wa ya zuba wa birki mai?" ya tambaya.

Auta ta fashe da kuka. "Ni ce, Baba. Kukan nake so ya daina. Dariya ake yi mini a makaranta."

Baba ya daɗe yana kallonta. Bai daka mata tsawa ba, kuma wannan ya fi mata zafi.

Bakanike ya yafito ta. "Zo nan, 'yar Baba, ki gani." Ya nuna mata wasu ƙarafa biyu masu kaushi. "Waɗannan su ne takalman birki. Su ke matse faifan nan har mota ta tsaya. Goga tafin hannunki a kan wannan bencin."

Ta goga. Ta ji hannun yana cijewa.

"To, wannan cijewar ita ce aikin birki. Idan mota na tafiya a hankali, wani lokaci takalmin yakan kama ya saki, ya kama ya saki, da sauri sosai. Sai ƙarfen ya yi karkarwa, ki ji kuka. Wani kukan ba komai, wani kuma alamar takalmi ya cinye, shi ya sa ake kawo mana mu duba. Amma mai? Mai santsi yake sawa. Garin neman gira kin kusa rasa ido."

"Da a kan titi ne fa?" in ji Mama a hankali.

Aka ja motar zuwa gareji. Bakanike ya ce kayan tsohuwar mota irin wannan sai an nemo daga nesa. Baba ya tafi aiki a motar haya. Ya ce ba zai iya zuwa kowane mako ba, don lokacin da yake tashi daga aiki motocin garinsu sun riga sun tafi.

Juma'a ta zo. Auta ta hau taga kamar kullum. Motoci suka yi ta wucewa, kowacce lafiya lau, babu mai kuka. Ta zauna har Mama ta kira ta cin abinci.

Juma'a ta biyu ma haka. Wani keke ya yi ƙara a layin, ta zabura, sannan ta koma ta zauna.

"Mama, kewar Baba nake ji," ta ce. "Har kukan motar nake kewa."

"Wanda kike jin kunyarsa?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ranar Litinin da yaron nan ya tambaye ta ina akuyarsu, ta ce masa, "Akuyar ce ke kawo mini babana."

Juma'a ta huɗu tana kan taga, sai ta ji sallama a bayanta. Ta juya. Baba ne tsaye da jakarsa! Ya biya gareji ya ɗauko motar, motar ta shigo shiru da sababbin takalman birki.

Auta ta ruga ta rungume shi. "Baba, ka yafe mini. Ba zan ƙara taɓa abin da ban sani ba sai na tambaya. Kuma ba zan ƙara jin kunyar abin da kake da shi ba."

"Na yafe miki, Autata. Tambaya ba ta ɓata komai."

Ta share hawaye. "Amma yanzu yaya zan san ka iso?"

Baba ya yi dariya. Tun daga ranar, duk Juma'a idan ya shigo layin, sai ya sauke gilashi, ya taka birki a hankali, ya yi kukan da bakinsa: "Ƙiiiii!" Maƙwabta su yi ta dariya. Auta kuwa tuni ta isa bakin ƙofa, da takalmi ƙafa ɗaya.