Abin da Kawu Sadisu Ya Gani a Sabon Gari

Ranar da Najwa ta fara ganin Khalifa, ƙafafunta sun gaji da zagaye Kantin Kwari. Ita da ƙawarta Nkechi ɗaliban kiwon lafiya ne, an turo su su ji abin da jama'a suka sani game da cutar Parkinson, wadda ke sa hannu karkarwa, tafiya ta yi nauyi, murya ta shige ciki. Wani ya ce musu sammu ne, wani ya ce iska ce, wani kuwa ya tuntsire da dariya ya ce ai 'yan kwalba ne ke haka.

Sai suka iso wani shagon shadda, suka tarar da saurayi yana naɗe yadi.

"Malam, don Allah ka taɓa jin cutar Parkinson?"

Ya dakata da naɗin. "Na ji. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba ya warkewa, amma magani da motsa jiki suna sassauta shi."

Najwa ta ɗago kai daga wayar da take shigar da amsoshi, idonsu ya haɗu. Sai da Nkechi ta zungure ta kafin ta tuna aiki ya kawo ta.

"A ina ka sani?"

"Wannan ma yana cikin tambayoyin?" ya ce yana murmushi. "Ni ma ina da tawa. In na tuno wata amsa daga baya, wace lamba zan kira?"

Amsar dai har yau bai tuno ta ba, amma lambar ta sha aiki. Kullum da safe saƙonsa ne ke riga shayi isowa: "Malamar tambaya, kin tashi lafiya? Yau ma amsata ɗaya ce: ke." Najwa ta karanta, ta kife wayar a ƙirji, ta yi ta murmushi ita kaɗai har Umma ta gane inda aka dosa.

Da magana ta kai ga manya, Abbanta, Malam Maje, ya yi abin da kowane uba ke yi. Ya tura ƙanensa Kawu Sadisu ya binciko gidan su yaron a Fagge. Shi kuwa Kawu in an ba shi aiki, sai ya ƙara da nasa. Bai tsaya ga tambayar maƙwabta da liman ba, har bin sawun uban yaron ya yi.

Najwa tana bayan labule ranar da ya kawo rahoto.

"Yaya, yaro ba shi da aibu. Amma uban! Da idona na gan shi yana fitowa daga wani lungu a Sabon Gari, yana jan ƙafa, hannu na rawa, ɗan yana riƙe da shi har cikin adaidaita. Na yi masa sallama, maganar ma ba ta fita. Kuma duk sati yana can. Me dattijon Fagge ke nema a Sabon Gari a ɓoye?"

Abba ya ce, "Ba zan haɗa jini da gidan mashayi ba. A rufe maganar."

Najwa ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana cikin kukan ne kalaman Kawu suka dawo mata: jan ƙafa, rawar hannu, muryar da ba ta fita. Ai waɗannan ta yini tana karanta wa mutane a kasuwa! Ta zabura ta ɗauki waya.

"Nurul ƙalbi, gaya mini gaskiya. Babanka ne ya sa ka san amsar nan?"

Sai ga amsar Khalifa.

"Shi ne, Najwata. Asibitin gashi da motsa jiki nake kai shi. Shi ya zaɓi Sabon Gari don kada mutanen unguwa su gan shi. Malamin Larabci ne da ake zuwa kallon rubutunsa a allo, yanzu alli ma ba ya riƙuwa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ke ma don Allah ki riƙe."

Nan fa ta shiga tsaka mai wuya. Kalma ɗaya za ta gyara aurenta, amma kalmar ba tata ba ce. Ta yi kwanaki tana kai wa Abba abinci da maganar a bakinta, tana haɗiye ta. Abin da ta iya rubutawa kawai shi ne: "Na riƙe. Amma ka sanar da Baba sunan da ake kiransa da shi."

Wata Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Malam Hambali ne da kansa, mahaifin Khalifa, ɗan nasa na biye. Najwa ta kai ruwa falo, ta koma ta laɓe jikin ƙofa.

Dattijon ya zaro hannun da ya saba ɓoyewa cikin babbar riga, ya ɗauki kofi. Ruwan ya yi ta fantsala a kan rigarsa, bai ajiye ba.

"Malam Maje," ya ce a hankali, "ga giyar da nake sha. Likitoci suna ce mata Parkinson. Kunya ta sa na ɓoye jarrabawar Ubangiji, har ta zama zargi a kan ɗana. 'Yarka ta sani, ta gwammace ta rasa aure da ta tona mini asiri. Irin wannan yarinya ba a barinta ta wuce, shi ya sa na tako."

Kawu Sadisu, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Malam, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini don Allah."

"Tashi, Sadisu. Abin da ka gani ka faɗa. Fassarar ce ka yi da gaggawa."

Abba ya matsa ya karɓi kofin da hannu biyu. "Malam, na ba Khalifa Najwa. Ku sa rana."

A bayan ƙofa Najwa ta sulale ta zauna a ƙasa, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, tana ta maimaita alhamdulillahi.

Ranar ɗaurin aure tana cikin ɗaki, Nkechi na gyara mata mayafi, sai hoto ya shigo wayarta. Malam Hambali ne a sahun gaba, ya ɗaga hannayensa sama a gaban duk mutanen Fagge ana shafa Fatiha. Kawu Sadisu na gefensa, ya tallafe masa gwiwar hannu.

A ƙasa Khalifa ya rubuta: "An ɗaura, matata. Kuma dubi Baba, yau bai ɓoye hannunsa ba."

Najwa ta share hawaye da gefen mayafi, ta rubuta: "Allah Ya ƙara masa lafiya, mijina. Mu kuma Ya ba mu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."

Daga tsakar gida guɗa ta tashi, mata na ta addu'a, Umma na cewa amin.