Darbejiyar Malam Dzarma

A unguwar Wulari, a cikin Maiduguri, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma akwai ta da saurin fushi. Abu kaɗan sai ta kumbura baki, ta yi ta buga ƙafa a ƙasa.

A shekarar da ta biyo bayan babban fari, mahaifiyarta Zainaba ta haifi ɗa namiji. Kakarta Gumsu ta taso daga unguwar Umarari don ta yi wa mai jego wanka. Wankan jego kuwa sai da tafasasshen ruwa, safe da yamma, har kwana arba'in.

A lokacin itace ya yi wuya ƙwarai. Mahaifin yarinyar, Mukhtari, dillalin shanu ne. Bayan suna, sai da ya yi kwana uku yana sintiri kafin ya samu amalanke guda na itace. Da aka sauke a tsakar gida, sai ya kira 'yarsa.

Ya ce, "Kin ga wannan itacen? So nake ya kai mu mako uku. Masu itace sun ce yanzu sai sun yi nisa sosai a mota kafin su ga bishiya. Ke ce babba. Ke za ki kula da wuta."

Ta ce, "Baba, hutu fa ake yi! Su Yakaka ƙawata suna can suna 'yar gala-gala, ni kuma a ce in zauna gindin murhu?"

Ya ce, "Na dai faɗa miki."

Ta juya tana ƙunƙuni.

Murhun gidan duwatsu uku ne a fili. Iska na kaɗa wutar ta kowane gefe. Yarinya ta ga idan ta sa itace biyu, dole ta zauna tana iza wuta. Sai ta yi dabara. Takan cusa itace bakwai ko takwas a lokaci guda, ta ɗora babbar tukunya ba murfi, ta fice wajen wasa.

Wuta ta yi ta ci bal-bal, tana lasar iska. Kafin yarinya ta dawo, rabin ruwan ya ƙone. Sai ta ƙara ruwan sanyi, ta ƙara itace. Bayan an gama wanka ma ba ta kashe wutar. Haka take barin ta har ta zama toka.

Kaka Gumsu ta gani, ranta ya ɓaci. Ta ƙwala mata kira, "Fero!" Haka take kiranta, wato yarinya da harshen Kanuri. "Wannan wutar, bijimi za ki gasa da ita? Zare itacen nan! Ina murfin tukunya?"

Yarinya ta ce, "Kaka, ai itacen da yawa."

Kaka ta ce, "Da yawa? A dajinki aka saro shi?"

Yarinya ta zare itace ɗaya ta wurgar da ƙarfi. Da Kaka ta shiga ɗaki, sai ta mayar da shi, ta ƙara wani a kai.

Kwana shida kawai aka yi. Ranar Lahadi da safe, Kaka ta zo ɗibar itace. Ba ta tarar da komai ba sai ɓawo da 'yan tsinkaye. Ta riƙe ƙugu ta yi salati.

"Fero! Zo nan! Ina itacen mako uku?"

Yarinya ta kawar da kai.

"Magana nake miki! Ga uwarki can kwance, jikinta duk ya yi tsami. Da me zan dafa mata ruwa? Da me zan dama mata kunu?"

Daga ɗaki Zainaba ta ce da ƙaramar murya, "Haba 'yata. Sau nawa aka yi miki magana?"

Yarinya ta ce da ƙarfi, "Kullum ni! Kullum ni! Tun da aka haifi yaron nan ba ni da hutu!"

Kaka ta fusata. Ta ce, "Au, baki ma gare ki? To ɓace mini da gani! Ki nemo itace duk inda za ki samo shi!"

Yarinya ta ɗauki addar babanta a bayan randa. Ta fita fuu, zuciyarta na tafasa.

Gida na uku daga nasu shi ne gidan Malam Dzarma, malamin noma a makarantarsu. A ƙofar gidansa akwai 'yar bishiyar darbejiya. Tsayinta ya ɗan wuce katanga, kaurinta kamar taɓarya. Ita kaɗai ce koriya a duk layin.

Yarinya ta duba. Ƙofar a kulle take, don Malam da iyalinsa sun tafi coci. Layin ba kowa. Ba ta tsaya tunani ba, ta hau sara. Duk haushin Kaka, da na Baba, da na jariri, a kan bishiyar ta huce shi. Ta yi ta sara har hannunta ya yi bororo. Can sai bishiyar ta yi ƙara ta faɗi.

Ta jawo ta kiii har gida. Kaka tana ɗaki tana shafa wa jariri mai. Yarinya ta kakkarya rassan, ta cusa su a murhu da ganyensu. Ta tara ɓawon da ya rage a ƙasa, ta ƙyasta ashana.

Ɗanyen itace ba ya ci da wuta. Sai wani hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe. Ta sa mafici tana fifitawa, hayaƙin ya ƙara yawa. Iska ta kwashe shi ta tura cikin ɗakin mai jego.

Jariri ya fara tari. Ya yi kuka, ya sake tari, kukan ya sarƙe. Zainaba ta fito da gudu da shi a ƙirji, tana cewa, "Wayyo Allah, ɗana! Ba ya numfashi sosai!"

Kaka ta ɗauki bokitin ruwa ta sheƙa wa murhun. Aka aika a kira Mukhtari daga kasuwar shanu. Ya zo a guje, ya tare tasi, suka wuce asibiti da Zainaba da jariri.

Yarinya ta tsaya a tsakar gida. 

Ba a daɗe ba sai aka ji murya a ƙofar gida. "Gafara dai, masu gida! Gafara dai!" Malam Dzarma ne. Ya biyo sawun ganyen da ya zube tun daga ƙofarsa. Kaka ta yafa mayafi, ta riƙo hannun yarinya ta jawo ta waje.

Idanun Malam sun yi ja. Ya ce, "Ke ce? Ɗalibata? Ke da nake koya wa amfanin bishiya a aji?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Shekara uku ina renon bishiyar nan! Lokacin fari, famfo ya ƙafe, ruwan da muka wanke kwanuka nake tara mata. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Yau a cikin safiya ɗaya kin kwantar da ita!"

Tsoro da kunya suka sa bakinta ya suɓuce. Ta ce, "Malam, ai bishiya ce kawai."

Kaka ta daka mata tsawa. "Rufe mana baki, marar kunya!"

Malam ya ce, "Bishiya ce kawai? Haka kowa yake cewa. Wannan ya sara, wancan ya sara. Ki je bayan gari ki duba. Inda a da ake da kurmi, yanzu rairayi ne. Kowa yana ƙonawa, ba mai shukawa!"

Ya juya ya tafi yana huci.

Sai bayan azahar su Mukhtari suka dawo. Jariri ya yi barci, numfashinsa ya daidaita. Zainaba ta ce ma'aikaciyar asibiti ta yi musu faɗa sosai. Ta ce hayaƙi yana iya kashe jariri.

Da yarinya ta ji haka, sai ta fashe da kuka. Ta durƙusa a gaban uwarta. "Mama, ki yafe mini. Ban san zai cutar da shi ba."

Mukhtari bai huce ba. Ya ce, "Kin ƙone itace a banza. Kin sari abin da ba naki ba. Kin kusa halaka ƙaninki. Duk saboda wasa da taurin kai! Tashi mu je gidan Malam."

Kaka ta ce, "Tsaya, Mukhtari. Ni ma da laifina. Fushi ne ya sa na ce ta nemo duk inda za ta samo. Babba ba ya faɗa wa yaro haka."

Suka je su uku. Yarinya ta durƙusa a ƙofar gida, kusa da kututturen. Ta ce, "Malam, na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Malam Dzarma ya dubi kututturen. Sannan ya shiga gida, ya fito da ɗaurin busasshen itace, ya ajiye a gaban Mukhtari.

Ya ce, "Mai jego ba ta yi mini laifi ba. A dafa mata ruwa." Ya dubi yarinya fuska a ɗaure. "Ke kuma ban gama da ke ba. Kullum za ki zuba wa kututturen nan bokiti biyu. Gobe kuma ki nemo laka da ƙaiƙayi. Zan nuna miki yadda ake tattalin wuta."

Washegari Mukhtari ya yi wa Malam iso har tsakar gida. Malam ya sa yarinya ta kwaɓa laka da ƙaiƙayi da ƙafafunta. Suka gina murhu zagayayye a inda iska ba ta bi ta ɗaki. Suka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, da ɗan gurbi a sama daidai gindin tukunya.

Malam ya ce, "Yanzu iska ba za ta kwashe zafin ba. Itace biyu ya isa. Ki rufe tukunya. In kin gama, ki zare sauran itacen ki turbuɗe shi a rairayi. Garwashin kuma ki kashe shi, ya zama gawayin guga."

Ta ce, "To, Malam."

Bayan kwana uku murhun ya bushe. Aka gwada shi, ruwa ya tafasa da wuri. Mukhtari ya samo rabin amalanke na itace. Wannan karon yarinya ba ta matsa daga gindin murhu sai ta kashe wuta.

Wata rana ta cika bokitin ƙarfe don ban ruwan kututture. Sai Kaka ta aike ta, ta bar shi a rana. Da la'asar ta dawo ta tsoma hannu. Ta yi maza ta zare.

"Kaka! Kaka! Zo ki taɓa ruwan nan! Wa ya dafa shi?"

Kaka ta taɓa. Ta ce, "Ranar Maiduguri ce ta dafa shi."

Yarinya ta yi tsalle. Ta ce, "To me zai hana mu shanya ruwan wankan yamma tun da safe?"

Suka cika baƙar tukunya da bokitai biyu, suka rufe, suka jera a tsakiyar rana. Da yamma ruwan ya yi zafi. Da aka ɗora a murhu, nan da nan ya tafasa. Kaka ta yi dariya, karo na farko a cikin mako biyu. Ta ce, "Ashe kan nan naki ba taurin kawai ya iya ba."

Maƙwabta suka ji labari. Mahaifiyar Yakaka ta zo ta ga murhun, ta ce ita ma tana so. Yarinya da Yakaka suka gina mata. Kafin hutu ya ƙare, gida biyar a layin sun yi irinsa.

Ran nan da safe yarinya ta kai ruwa ƙofar gidan Malam. Sai ta ga wasu 'yan ganye jajaye-jajaye sun tsiro a jikin kututturen. Ta ajiye bokiti ta buga ƙofa.

"Malam! Malam! Ta yi toho!"

Malam Dzarma ya fito. Ya tsuguna ya duba da kyau. Ya taɓa ganyen a hankali da ɗan yatsa. Fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Ba ta mutu ba. Amma sai ta yi shekaru kafin ta sake ba da inuwa. Kin ga bambancin sara da reno?"

Ta ce, "Na gani, Malam."

Ya ce, "To na yafe miki. Idan an koma makaranta, ke za ki koya wa 'yan ajinku ginin murhu. Zan kuma ba ki dashe biyu ki shuka a ƙofar gidanku."

Ta koma gida da gudu ta faɗa wa kowa. Zainaba ta miƙa mata jariri, ta goya shi tana yi masa wasa.

Tun daga ranar yarinya ba ta ƙara barin wuta tana ci a banza ba. Ta gane cewa kowane itace da ke cikin murhu, a da bishiya ce mai rai. Wanda ya yi tattalin wuta, ya ceci bishiya. Ta kuma gane cewa duk abin da aka yi cikin fushi, ƙarshensa da-na-sani ne.