Mai Gudun Turaren Wuta

Da ƙafa ya shure kaskon, a gaban Baba, a gaban Gwaggo Zenabu, a gaban kowa.

Abin da na sani shi ne, na fito daga cikin gida da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, na durƙusa na ajiye shi kusa da Sulemana kamar yadda ake yi wa wanda ya zo gaisuwar neman aure. Ban ma ɗago ba sai na ga ya zabura, ya ture ni gefe guda, ya kai wa kaskon shuri. Garwashi ya watsu har kan buzun Baba. Shi kuwa gogan naka ya tattare babbar rigarsa ya fice daga zauren a guje, ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba.

Ƙaurin gashin buzu ya cika zauren.

"Asana," in ji Baba a hankali, "wannan ne mutumin da kika ce yana da natsuwa?"

Na sunkuya na shiga kwashe garwashin daga kan buzun.

Shekara biyu Sulemana yana zuwa zance gidanmu a Zangon Ankara, bayan unguwar Tudu. Tun kafin a fara haƙa hanyar jirgin ƙasa yake aiki a babban kamfanin kananzir na Turawa da ke bakin teku, inda kwale-kwale ke sauko da gwangwanayen mai daga jirgi su kuma 'yan dako su ɗauka a ka zuwa sito. Mutum ne da ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Warin kananzir kam ba ya rabuwa da shi, har nakan tsokane shi in ce in na aure shi ba sai na sayi fitila ba. Da yakan yi dariya. Wata biyu ke nan ya daina, kuma ya daina tsayawa kusa da ni in ina suyar waina, sai ya tsaya can nesa kamar mai bin layin gaisuwar mutuwa. Na ɗauka kunya ce ta kusantowar aure.

Kafin la'asar ɗin washegari labari ya gama Zango, kuma na san wanda ya yi masa ƙafafu. Garuba mai goro ne, wanda sau biyu ina mayar masa da toshinsa. Shi ya bi majalisa-majalisa yana cewa ai ba a gudun turare sai da dalili, aljani ne kaɗai hayaƙi ke kora. Ya ce duk wanda ya duba wuyan Sulemana zai ga wani ƙarfe mai lamba da Nasara suka rataya masa, to wannan layarsu ce, da ita suke mallake mutum. Gwaggo ta hau ta zauna a kan maganar, don dama goron Garuba ya daɗe da yi mata ja a haƙora.

Baba bai ce aljani ba, bai ce ba aljani ba. Ya ce kawai ranar Juma'a Garuba zai zo da manyansa, in Sulemana yana da bayani ya kawo kafin nan.

Bai zo ba. Litinin shiru, Talata shiru.

Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. In ba ya so na ne, me ya sa ya sayi sabuwar riga ya zo? In yana so na, me ya sa ya ture ni kamar ya ga maciji? Wani lokaci in ji tausayinsa, wani lokaci in ji da zan gan shi sai na rotsa masa ludayi a ka. Har na fara tunanin ko dai Garuba gaskiya ya faɗa, ni da nake 'yar malam.

Ranar Laraba na yafa gyale na nufi bakin teku.

A ƙofar sito maigadi yana laluben kowa, har hula sai an cire, yana neman ashana ko lofe. Ya ce mace ba ta shiga. Daga nan na hango Sulemana a layin 'yan dako, kowannensu da ƙarfen lambar aiki a wuya, gwangwani a ka, mai yana tsiyaya ta gindinsa yana bin wuyansa har cikin riga. Da ya gan ni ya kusa sakin kayan, ya ratso zuwa bakin ƙofa.

"Me ya kawo ki nan, hasken idona?"

"Hasken idonka ka ture a gaban ubanta? Faɗa mini laifina, Sulemana."

"Ba ki da laifi."

"To kai ne mai aljanun?"

Ya kalli tafin hannunsa, inda tabon da ya ce mini gwangwani ne ya yanke shi yake. "Na dafa Alƙur'ani, Asana... ba zan iya magana ba. Ki yafe mini."

Aka buga ƙararrawa, ya koma layi. Na juya zan tafi, na fi rikicewa fiye da yadda na zo.

"Kai yarinya, zo nan."

Wata mata ce 'yar ƙabilar Ga, mai sayar da dokunu, tuwon masaran nan mai tsami, da soyayyen kifi a nesa da ƙofar. Hausarta irin ta bakin teku, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai ne Asana? Kullum yana kiran sunanka. Zauna. Su an rantsar da su, ni ba wanda ya rantsar da ni. Bature bai tuna mace yana da baki ba."

Ta ce mijinta Abdulganiyu abokin aikin Sulemana ne. Wata rana suka tashi daga aiki tare, ya ja Sulemana gida cin abinci, ya zauna a bakin murhunta da rigar aiki. Tartsatsi ɗaya ya tashi, rigar ta kama. Sulemana ya kashe wutar da hannunsa, amma bayan kwana uku aka binne Abdulganiyu. Kamfani ya ji tsoron in maganar ta fita mutane za su daina sayen mai, sai aka sa shugaban leburori ya rantsar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar gidanku jirgi ya zo," in ji ta. "Ba a sake su da wuri ba. A nan gabana ya ɗora sabon riga a kan na aiki, ya ce in ya tsaya wanka babanka zai ce ya raina shi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Haushi kuma na nan, don wannan wauta ce ta maza tsantsa: ya gwammace a ce masa mahaukaci da ya yi latti.

Na jira har aka tashe su. Da ya fito na kama hannun rigar aikinsa na yage ƙyalle ɗaya, na juya na tafi. Yana ta kirana ban waiwaya ba. Shi ma ya ɗan ɗana rikicewa.

Ranar Juma'a Garuba ya zo da manyansa, sai washe baki yake. Gwaggo ta miƙo mini kasko ta ce in kai wa baƙi. Na kai, amma a tsakiyar zaure na ajiye shi, nesa da kowa.

"Baba, ka ba ni izini in nuna maka aljanin Sulemana."

Na kwance bakin gyalena na jefa ƙyallen a kan garwashi. Ya yi hayaƙi kaɗan, sai wuta ta tashi fuu har ta kai tsayin gwiwa. Garuba ne ya fara kaiwa ƙofa, hularsa a ƙasa.

Baba, wanda har gobe da man kaɗe yake kunna fitilarsa, ya daɗe yana kallon tokar. Na faɗa masa abin da matar ta ce, duka.

"Ranar nan," ya ce, "yaya kusancinki da shi?"

"Zanina yana taɓa rigarsa, Baba."

Ya tashi ya ɗauko takalman Sulemana daga bayan ƙofa, ya kakkaɓe su da hannunsa.

"Mutumin da ya riƙe rantsuwa har ta kusa cinye masa aure zai riƙe mace. A ce masa ya zo ya karɓi takalmansa... amma ya yi wanka tukuna."

Bayan wata guda aka ɗaura aurenmu. Ranar da aka kai ni ɗakinsa ban kunna turare ba, na tura kaskon ƙarƙashin gado don kada in tayar masa da hankali. Da ya shigo, fes da shi, sai ya sunkuya ya jawo kaskon, ya fita ya zubo garwashi da kansa. Da hannunsa mai tabon ya riƙo shi har ya ajiye a gabana.

"Zuba turarenki, amaryata," ya ce. "Yau ba inda zan gudu."